Muhawara: ƙofofin ƙarfen da ke tare teku a Venis, sun ceci birnin ko kwana kawai suka ƙara masa?

Baban Zahra:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na ga an ɗora hoton dandalin San Marko cike da ruwa, mutane suna tafiya a jere a kan katakai, wasu kuma suna tambaya ko har yau haka birnin Venis na ƙasar Italiya yake. Da yake ina zaune a Mestre, wato ɓangaren tudu da doguwar gada ta haɗa da tsohon birnin, kuma aikina kullum a cikin ruwan nan yake, inda muke sauke kayan abinci daga jirgin ruwa zuwa shaguna da otal-otal, na ga ya dace in faɗi abin da idona ya gani kafin masana su yi mana bayani.

Daren 12 ga Nuwamba 2019 ina cikin birnin. Tun da yamma jiniya ta yi kuka, masu shaguna suka kafa allunan ƙarfen da suke tare bakin ƙofa da su, mu kuma muka ɗora buhunan fulawa da katan-katan a kan tebura kamar yadda muka saba, domin a tunaninmu ruwan da muka sani ne, wanda yake hawa zuwa idon sawu ya koma. Wajen ƙarfe goma na dare iska ta tashi da ƙarfin da ban taɓa gani ba, ruwa ya tsallake allon ƙarfen, wani kuma ya ɓullo ta ramin magudanar da ke tsakar ɗakin ajiyarmu, ya zama ana tare shi ta gaba yana shigowa ta ƙasa. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya ya kai santimita 187 a ma'aunin birnin (tsayin teku yake aunawa, ba zurfin ruwan da ke kan hanya ba), teburan da muka dogara da su suka fara yawo a cikin ɗaki da kayan a kansu. Da gari ya waye na ga jiragen haya na ruwa, waɗanda suke matsayin motocin bas a can, iska ta ɗora wasu a kan daɓen bakin gaɓa. An ce fiye da kashi 80 cikin 100 na birnin ya shiga ruwa a daren.

Ba a cika shekara ba, ranar 3 ga Oktoba 2020, aka sake hasashen babban ruwa, muka sa dogayen takalman roba muka fito, sai muka tarar da San Marko a bushe. A ranar ce aka fara ɗaga ƙofofin da ake kira MOSE don tare ambaliya ta gaske. Na ga tsofaffin 'yan gari suna tsaye suna kallon daɓen dandalin kamar waɗanda aka yi wa sihiri. Tambayata ga masana ita ce, shin maganin ke nan an samu, ko akwai abin da mu 'yan dako ba mu gani?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam Baban Zahra, Allah Ya kiyaye gaba. Kafin a amsa tambayarka sai an fahimci inda birnin yake zaune. Venis tarin ƙananan tsibirai ne sama da 100 a tsakiyar wani tafkin ruwan gishiri mai faɗin kusan murabba'in kilomita 550, wanda mafi yawansa bai fi zurfin mita ɗaya ba. Tsakanin tafkin da tekun Adriyatik akwai siraran tsibiran yashi, kuma ruwan teku ba shi da hanyar shiga sai ta baki uku, wato Lido da Malamocco da Chioggia. Duk rana teku yana cikowa ya janye sau biyu ta waɗannan bakuna. Ambaliyar da 'yan gari suke kira acqua alta tana faruwa ne idan cikowar teku ta haɗu da iskar kudu maso gabas da ake kira shirokko, wadda take tunkuɗo ruwan Adriyatik zuwa ƙuryarsa ta arewa inda Venis take, ga kuma saukar nauyin iska da ke sa teku ya kumbura. Da yake Adriyatik dogo ne siriri, ruwansa yakan yi ta kai da komo kamar ruwa a cikin kwarya idan aka girgiza ta, shi ya sa babbar ambaliya takan jawo 'yan uwanta kwanaki a jere.

Dabarar MOSE ita ce a toshe bakunan nan uku na ɗan lokaci. Ƙofofi 78 ne na ƙarfe masu rami a ciki, kowace faɗinta mita 20, an jera su layi huɗu, biyu a Lido saboda faɗinsa, ɗaya a Malamocco, ɗaya a Chioggia. A ranakun da babu barazana suna kwance a ƙarƙashin ruwa cike da ruwa, a cikin gurbin kankare da aka dasa musu, jirage suna wucewa ta samansu. Idan aka hango babban ruwa sai a hura musu iska da inji, iskar ta kori ruwan da ke cikinsu, su yi sauƙi, kai ya taso sama gindi kuma yana riƙe a ƙasa kamar ƙyauren da aka kwantar. Cikin kimanin rabin awa sun miƙe sun raba teku da tafki. An tsara su su iya riƙe ruwan da ya kai mita 3.

A fannin injiniyanci abin ya yi aiki, kuma duk wanda ya ce bai yi ba ya tambayi Baban Zahra. Sai dai akwai sharaɗi, domin ƙofar ba ta tashi da kanta, mutum ne yake duba hasashe ya yanke hukunci. Ranar 8 ga Disamba 2020 hasashe ya nuna ruwan ba zai kai matakin da aka sa na ɗagawa ba, aka bar su a kwance, iska ta sauya, ruwa ya kai santimita 138 ya cika birnin alhali ƙofofin suna nan lafiya lau a ƙasan teku.

Kawu Mai Lissafi:
Injiniya, ina girmama iliminka, amma ka tsallake kuɗi, ni kuwa a nan nake tsayawa. An aza harsashin aikin nan a 2003, ba a yi amfani da shi ba sai 2020, shekara 17 ke nan, kuma kuɗin da ya ci ya kai kusan Yuro biliyan 6, fiye da abin da aka faɗa da farko nesa ba kusa ba. A 2014 aka kama mutum 35 kan zargin cin hanci a kwangilar, cikinsu har da magajin garin na lokacin, tsohon shugaban yankin Veneto, inda Venis take, shi ma shari'ar ta kai shi gidan yari. Da an gama aikin a lokacin da aka yi alkawari, da Baban Zahra bai kwana cikin ruwa a 2019 ba. Wannan kuma kuɗin gini ne kawai. Ƙarfe ne a cikin ruwan gishiri, tsatsa tana cin sa, yashi yana cika gurbin da ƙofar za ta koma ta kwanta, halittun ruwa suna manne mata, dole a riƙa ciro kowace ƙofa ana gyarawa ana mayarwa har abada. Kowace ɗagawa ɗaya ma ana maganar sama da Yuro dubu 200. Ni a ganina an sayi doki ne ba a yi lissafin harawa ba.

Injiniyan Ruwa:
Kawu, ban musa ko ɗaya ba. Abin da zan ƙara shi ne ɓarnar daren 2019 kaɗai an ƙiyasta ta da ɗaruruwan miliyoyin Yuro, don haka ko da tsadar ɗagawa, ranar da aka ɗaga a kan babban ruwa riba aka ci. Satar da aka yi laifin mutane ne, kuma kotu ta yi aikinta. Abin da ya fi damuna da ƙofofin nan daban ne, amma bari Malama ta fara ba mu tarihi, don ba za a gane shi ba sai da shi.

Malama Uwar Ɗalibai:
Na gode Injiniya. Abin da yake ba ni mamaki duk lokacin da na koma tarihin Venis shi ne, tsawon ɗaruruwan shekaru babban abin tsoron mahukuntanta cikewar tafkin ne da laka. Koguna irin su Brenta da Sile da Piave suna gangarowa daga tudu suna zubar da taɓo a cikinsa, kuma suna da misali a gabansu, tsibirin Torcello, wanda ya riga Venis bunƙasa, amma da laka ta toshe hanyoyin ruwansa, ya koma fadama, zazzaɓin cizon sauro ya kori mutanensa, yau 'yan tsiraru ne suka rage a kansa. Venis ba ta da ganuwa, ruwan nan shi ne ganuwarta, idan ya cike kuwa sojan abokan gaba zai tako da ƙafa, jiragen fatauci kuma su rasa mashiga.

Saboda haka a 1501 jamhuriyar Venis, wadda a lokacin ƙasa ce mai cin gashin kanta, ta kafa hukumar ruwa ta musamman, Magistrato alle Acque, mai ikon da ya kai ta hukunta duk wanda ya taɓa tafkin ba da izini ba. A ƙarni na 16 an yi doguwar jayayya tsakanin mutum biyu, Alvise Cornaro, mai gonaki, wanda yake son a cike gefen tafkin a yi noma, da Cristoforo Sabbadino, injiniyan hukumar, wanda ya dage cewa a kawar da koguna a bar teku ya riƙa shiga yana wanke tafkin. Ra'ayin Sabbadino ne ya rinjaya. Aka yi ta haƙa sababbin hanyoyi ana karkatar da kogunan su zuba a teku kai tsaye, har babban kogin Po aka yanka masa sabuwar hanya a Porto Viro tsakanin 1600 da 1604 don lakarsa ta yi kudu. Daga 1744 zuwa 1782 kuma suka gina murazzi, katangun farin dutsen da ake kawowa daga yankin Istriya, a gefen tsibiran yashi, don kada teku ya ɓalle su. Duk wannan da hannu da kwando da dabbobi aka yi shi.

'Yan gari suna da karin magana da ke cewa turke ɗaya yana haifar da fadama, wato ko sanda ka kafa a cikin ruwan, laka za ta taru a gindinta ta sauya tafiyarsa. Mutanen da suke tsoron turke ɗaya, ku duba abin da jikokinsu suka yi wa tafkin a ƙarni na 20.

Ɗalibi a Padova:
Malama, da izininki zan ɗora daga nan, domin darasin da ake nanata mana ke nan. Daga shekarun 1920 aka gina yankin masana'antu na Marghera a bakin tafkin, aka cike fadamu masu yawa, masana'antun kuma suka yi ta zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa ta rijiyoyin burtsatse har zuwa wajen 1970. Da ruwan ƙasa ya ragu sai ƙasar ta zauna, birnin ya nutsa da ita. Idan aka haɗa wannan nutsewa da hawan teku, Venis ta yi asarar kimanin santimita 23 na tsayinta a kan ruwa cikin ƙarni na 20 kaɗai. Wanda bai san birnin ba zai ce tafin hannu ɗaya ne da 'yan kai, amma a garin da dandalinsa yake fara jiƙewa tun ruwa yana wajen santimita 80 zuwa 90, wannan tazara ita ce bambancin ambaliya jefi-jefi da ambaliya a kai a kai. An hana zuƙar ruwan, nutsewar ta lafa, amma ƙasar da ta zauna ba ta sake tasowa.

Sannan a shekarun 1960 aka haƙa wata hanya mai zurfi daga bakin Malamocco zuwa Marghera don manyan jiragen dakon mai. Tun daga lokacin ruwa yake shiga da gudu yana fita da gudu, yana kwashe lakar tafkin yana kai ta teku. Kakanni sun kori koguna don laka ta yi yawa, yanzu kuma laka ce ake nema ba a samu. Tsibiran ciyawar gishiri da ake kira barene, waɗanda suke karya ƙarfin igiyar ruwa, fiye da rabinsu sun zaizaye. Tafkin yana ƙara zurfi yana komawa kamar wani yanki na teku.

Hajiya Maman Amira:
Ɗana, ka yi bayani mai kyau, Allah Ya yi albarka. Ni da na je ziyara wajen 'yata abin da ya tsaya mini a rai rijiyoyin nan ne da ke tsakiyar kowane fili, masu bakin dutse da aka sassaƙa, an rufe su da murfin ƙarfe. Na ɗauka irin namu ne, sai aka ce mini ai ba a tarar da ruwan daɗi a ƙasan garin, ruwan sama ake tarawa. Sukan haƙa filin gaba ɗaya, su shafe ramin da yumɓu don kada ruwan gishiri ya shiga, su cika shi da yashi, ruwan sama ya bi ta ramukan daɓe ya tace a cikin yashin ya taru a rijiyar tsakiya. Da wannan suka rayu har 1884 da aka jawo musu ruwan famfo daga tudu. An ce idan ambaliya ta taso, babban tashin hankalinsu kada gishiri ya shiga rijiyar ya lalata ta. Tambayata ga Injiniya ita ce, garin da yake zaune a cikin ruwa haka, ina ƙazantar gidajensa take zuwa?

Injiniyan Ruwa:
Hajiya, kin taɓo daidai abin da na ce yana damuna. Tsohon birnin ba shi da cikakken tsarin bututun ƙazanta irin na sauran manyan birane. Tun asali ƙananan magudanai ne na tubali suke fitar da ruwan gidaje zuwa lungunan ruwa, teku kuma ya shigo sau biyu a rana ya wanke ya fita da shi. A 'yan shekarun nan an tilasta wa otal-otal da gidajen abinci da gidaje da yawa su yi ramin tace ƙazanta, amma har yau cikowar teku da janyewarsa su ne babban mai sharar garin. 'Yan gari sukan ce ruwa awa shida yana hawa, awa shida yana sauka, kuma a kan wannan numfashi aka gina komai.

To idan ka rufe ƙofa, ka tsayar da numfashin. Rufewar awa huɗu ko biyar sau kaɗan a shekara ba ta da wata illa mai yawa, kuma a kan haka aka tsara aikin tun farko. Amma a kakar farko kaɗai, daga Oktoba 2020 zuwa farkon 2021, an ɗaga su kusan sau 20. Teku kuma yana ci gaba da hawa. Duk santimita ɗaya da ya ƙaru yana ƙara yawan ranakun da ruwa zai kai matakin ɗagawa, kuma idan ya ƙaru da rabin mita, lissafi yana nuna ƙofofin za su riƙa zama a rufe wani babban kaso na shekara. A ranar da aka kai can, tafkin da ba ya shaƙar teku zai zama tafkin da ƙazantar gari da ta gonaki take taruwa a ciki, iskar da kifi yake shaƙa ta ragu, wari ya tashi. Gaba kura ke nan, baya sayaki. Amsata ga Baban Zahra ita ce an sayi lokaci, wataƙila shekaru gommai, kuma lokaci ne mai daraja idan an yi aiki da shi.

Ɗalibi a Padova:
Baba Injiniya, akwai ƙarin abin da masu bincike a Jami'ar Padova, birnin da ke kusa da Venis, suka gano. Tsibiran ciyawar nan suna samun mafi yawan lakar da suke girma da ita ne a ranakun babban ruwa, lokacin da igiya ta tayar da taɓo ta shimfiɗa shi a kansu. Ranakun kuwa su ne ake rufe ƙofa. Wato ruwan da yake lalata kayan Baban Zahra shi ne abincin tsibiran, kuma idan ba su samu ba, teku zai hau ya bar su a ƙasa su nutse.

Kawu Mai Lissafi:
Kun ga ke nan maganata ta fito. Sannan ba ku ambaci tashar jiragen ruwa ba. Duk sa'ar da ƙofa take a tsaye, jiragen kaya da ke nufin Marghera suna jira a teku, masunta na Chioggia ma haka. An gina wata mashiga ta musamman a Malamocco don jirage su riƙa ratsawa ko ƙofa tana rufe, ita ma ta daɗe tana fama da matsala. Saboda haka kowace ranar babban ruwa akwai ja-in-ja, mai shago yana cewa a rufe, mai jirgi yana cewa a dakata. Ingila tana da irin wannan shinge a kogin Thames tun farkon shekarun 1980, Holan tana da nata a mashigar Rotterdam tun 1997, amma su bayan shingensu kogi ne mai gudu. Venis kuwa ta rufe ƙofa ne a kan ruwan da take jira ya share mata gida.

Baban Zahra:
Kawu, gaskiya ne ana wannan ja-in-ja, mu ma muna jin ta a bakin masu jirage. Amma bari in nuna muku wata ɓarna da ba ta fitowa a hoto. Gidajen Venis an gina su ne a kan turakun itace da aka kafa a cikin laka, kuma da yake iska ba ta kai wa gare su, ba sa ruɓewa da sauri. A kan turakun aka shimfiɗa katako, sannan layin farin dutsen Istriya wanda ruwa ba ya ratsa shi, daga nan jan bulo ya tashi. Magina na da sun sa dutsen daidai inda ruwa yake tsayawa a zamaninsu. Yanzu ruwa ya haura dutsen ya kai ga bulo. Bulo kuwa yana shan ruwa kamar soso, gishiri ya hau cikinsa sama da tsayin mutum, idan ya bushe ya zama ƙanƙara-ƙanƙara a ciki ya farfasa shi. A ɗakin ajiyarmu idan na goga hannu a bango, jan gari ne yake zubowa haɗe da farin gishiri, kowace safiya sai mun share shi a gindin bango. Wannan ba ya bukatar santimita 187, ruwan santimita 90 ko 100 da ba a ɗaga masa ƙofa ya ishe shi.

Shi ya sa cocin San Marko, wanda farfajiyar shigarsa tana cikin wurare mafi ƙasa a garin, aka kewaye shi da shingen gilashi a 2022, don ruwan da bai kai a tayar da MOSE ba kada ya riƙa cin marmara da adon daɓensa. Sai ka ga dandali da ruwa, cocin kuma a bushe a bayan gilashi. Ga kuma igiyar jiragen inji, wadda ni kaina ina cikin masu tayar da ita, tana dukan gindin gidaje tun safe har dare tana zare ƙasar da ke tsakanin duwatsu. Manyan jiragen yawon buɗe ido an hana su ratsa gaban San Marko tun Agusta 2021, amma ƙananan suna nan dubbai.

Malama Uwar Ɗalibai:
Wannan shi ne abin da nake so a lura da shi. Jamhuriyar da ta faɗi a hannun Napoleon a 1797 ba ta taɓa dogara da babban aiki guda ɗaya ba. Kullum ana yashe lungunan ruwa, a tare lungu da katako, a kwashe ruwansa, a debe laka, a gyara gindin gidaje, a ɗaga daɓen hanya idan ya yi ƙasa. Bayan babbar ambaliyar 4 ga Nuwamba 1966, wadda ta kai santimita 194 kuma har yau ba a wuce ta ba, Italiya ta yi doka ta musamman a 1973 da ta ce ceton Venis lamari ne na ƙasa baki ɗaya. Amma yasar lunguna an yi shekaru gommai da yin watsi da ita, sai a shekarun 1990 aka dawo da ita, daga baya kuma 'yan gari suka yi ta kukan cewa MOSE ya shanye kuɗin da ake wannan ƙaramin aiki da shi. Hukumar ruwan nan ma mai asali tun 1501, badaƙalar 2014 ce ta yi sanadin rushe ta.

Akwai kuma tambayar wa ake tarewa ruwan. A 1951 mutanen tsohon birnin sun kai kusan dubu 175, a 2022 sun sauka ƙasa da dubu 50. Ambaliyar 1966 ta kori iyalai da yawa daga ɗakunan ƙasa, tsadar haya da cunkoson baƙi suka ƙarasa sauran. Gidan da mai shi yake kwana a ciki shi ne ake lura da tsagewar bangonsa tun tana ƙarama.

Hajiya Maman Amira:
Malama, maganar turke da fadama ta tuna mini kududdufan cikin birnin Kano da aka cike aka yi gini a kansu, ruwan sama ya rasa masauki ya koma shiga ɗakunan mutane. Ban ce abu ɗaya ba ne, nasu teku ne namu ruwan sama. Amma Injiniya, tunda ƙasar ce ta zauna, babu dabarar da za a ɗaga ta?

Injiniyan Ruwa:
Hajiya, akwai masu wannan tunani, kuma ba 'yan tatsuniya ba ne. Wasu malaman Jami'ar Padova, Giuseppe Gambolati da Pietro Teatini, sun daɗe suna ba da shawarar a yi akasin abin da masana'antun Marghera suka yi, wato a haƙa rijiyoyi masu zurfin ɗaruruwan mita a kewayen birnin a riƙa tura ruwan teku cikin yashin da ke can ƙasa, ƙasar ta kumbura a hankali ta ɗaga garin da kimanin santimita 25 zuwa 30 cikin shekara goma. Masu haƙar mai sun san irin wannan aiki. Abin tsoron shi ne kada wani gefe ya fi wani tashi, domin gine-ginen da suka shekara 500 a kan turaku ba za su jure karkata ba, don haka har yanzu shawara ce a takarda, ba a gwada ta a kan birnin ba. Ko an yi, santimita 30 ɗin abin da aka rasa ne za a dawo da shi.

Wasu kuma suna cewa ƙarshenta sai an rufe tafkin dindindin kamar yadda Holan ta yi wa wasu sassan tekunta, a fitar da tashar jirage waje, a yi wa birnin cikakken bututun ƙazanta, a riƙa sarrafa ruwan ciki da famfo. Hakan zai tsare gine-gine, amma tafkin gishirin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tare da birnin a 1987 zai zama wani abu daban, masunta da kifinsu da tsuntsayen fadama su tafi. A nawa ra'ayin, aikin da ya fi gaggawa a shekarun da ƙofofin suka saya shi ne bututun ƙazanta, domin duk hanyar da aka bi daga baya, ba za a iya rufe ƙofa na dogon lokaci ba sai an daina zuba wa tafkin abin da teku ne kaɗai yake kwashewa. Sai dai aiki ne da za a tona kowane lungu saboda shi, kuma babu ɗan siyasar da ake ɗaukar hotonsa a gaban bututun masai.

Kawu Mai Lissafi:
A kan wannan kam mun haɗu, Injiniya. Ina dai nan a kan cewa kafin a sake fara wani babban aiki, a fara bayyana wa jama'a kuɗin kula da wanda ake da shi duk shekara, da aljihun da zai fito.

Baban Zahra:
Na gode wa kowa, na ƙaru ƙwarai. Wani ya tambaye ni ta akwatin sirri yadda muke sanin ruwa yana zuwa, bari in amsa a nan don amfanin wanda zai zo. Cibiyar hasashen ruwa ta birnin tana aika saƙo a waya, sannan akwai jiniya. Bayan kukan farko na faɗakarwa, sai a saurari sautin da ke biye, idan ɗaya ne ruwa zai kai santimita 110, biyu 120, uku 130, huɗu kuwa 140 ko fiye. Lambar ba zurfin ruwan da za ka taka ba ce, ana auna ta ne daga wani ma'auni da aka kafa a wani bakin gaɓa na birnin mai suna Punta della Salute tun 1897, don haka a santimita 110 mai tsaye a San Marko yana cikin ruwa zuwa ƙwauri, mai tsaye a wata unguwar kuma takalminsa a bushe. Mu masu jirgi muna da tamu damuwar ta daban, domin idan ruwa ya hau, jirgin kaya ba ya iya wucewa ta ƙarƙashin ƙananan gadoji, idan kuma ya janye da yawa kamar yadda ya yi a Fabrairu 2023, sai jirgi ya zauna a kan laka a tsakiyar lungu. Gobe hasashe ya nuna 95 da ƙarfe tara na safe, ba za a ɗaga ƙofa ba, don haka sai mun fita tun asuba mu sauke kayan unguwar San Polo kafin gadojin su yi mana ƙasa.